Tiyatar rage ƙiba a talabijin: wa'azi ake yi mana ko kallon mutane muke sha?

Maman Ilham: Assalamu alaikum 'yan gida. Tambaya gare ni ga masu kallon tashar TLC. Wannan shiri na My 600-lb Life, don Allah me ya sa kusan kowane kashi sai an fara da nuna mutum yana wanka? Baligi, mace ko namiji, a bi shi da kyamara har banɗaki, a ɗan dusashe tsiraicinsa, a nuna ana ɗaga masa naman ciki ana wanke ƙasansa. Daga nan sai kicin, a cika tebur da abinci, a matso da kyamara dab da bakinsa yana tauna. An ce shirin tiyata ne, amma ita tiyatar 'yan mintuna take ci, sauran duk wanka ne da ci da kuka da faɗa. Ni dai na fara jin kamar da hannuna a cin mutuncin mutanen nan, tunda ni ce nake zaune ina kallo. Ko ni kaɗai ce?

Abban Sadik: Wa alaikumus salam. Hajiya, ai ba da igiya aka kamo su ba. Su suka nemi shiga, suka sa hannu a takarda. Ni a wurina shirin nan wa'azi ne. Fam 600 fa, kilo 272 ke nan, ya haura buhun siminti biyar. Wanda ya kai kansa nan da bakinsa, in an nuna wa duniya ai izina ce ga na baya. Ni tunda na fara kallo na rage shan lemon kwalba.

'Yar Auta: Ni wallahi don likitan nake kallo 😂 Mutum ya zo yana rantse-rantse bai ci komai ba, a ɗora shi a sikeli a ga ya ƙara. Tsohon nan ko murmushi ba ya yi, sai ya wanke shi tas.

Malam Bazazzagi: Auta, abin da kika faɗa shi ne duk kasuwancin. Don wannan wankin ake zama kallo, masu shirin kuma sun sani.

Bari in ɗan ja magana, tunda aikin jarida nake koyarwa. Shirin ya fara fita a 2012. Zangon farko mutum huɗu aka bi, tsawon shekara bakwai ana ɗaukar su, daga 2004 zuwa 2011. A nan za ka ga mutum ya rame, ya koma aiki, aurensa ya girgiza, ya ƙara ƙiba, ya sake raguwa. Da shirin ya karɓu sai aka koma bin mutum shekara ɗaya, aka kuma yi masa ƙwarangwal guda da ba ya canzawa: wanka, ci, labarin ƙuruciya, doguwar tafiya a bayan mota zuwa birnin Houston na Amurka inda likitan yake, sikeli, faɗan likita, takardar abincin kalori 1,200 a rana, dawowa a ga an cika sharaɗi ko ba a cika ba. Duk wanda ya taɓa zama a ɗakin tace bidiyo ya san in ka ɗauki mutum wata da watanni, kai ke zaɓen wanda zai zama: maƙaryaci, abin tausayi ko jarumi. Rannan da ya bi ƙa'ida ya ci ganye ya kwanta ba ta da daɗin kallo, sai a yar. Rannan da ya yi kuka ya sayi kaza soyayya ita za a sa.

Sai abu na biyu. Likitan sunansa Younan Nowzaradan, haifaffen Iran ne. Kamfanin da ke shirya fim ɗin, Megalomedia, na ɗansa Jonathan ne. Ban ce likitan ba ya aikinsa ba, yana karɓar marasa lafiyar da wasu likitoci ke gudu. Amma uba na yanka, ɗa na sayar da hoton, wannan abu ne da ya kamata mai kallo ya sani. A 2020 da dama daga cikin waɗanda suka fito a shirin sun kai kamfanin ƙara, har da dangin wani matashi da ya kashe kansa a 2018, suna cewa ba a kula da lafiyar ƙwaƙwalwarsu ba, ba a kuma biya kuɗin magani yadda aka yi alkawari ba. Kotun ɗaukaka ƙara a Texas ta kori ƙararrakin a 2022.

Abban Sadik: To ka gani, kotu ta kora. Magana ta ƙare.

Malam Bazazzagi: Ta ƙare a kotu. Takardar da mutum ya sa wa hannu lokacin da ba ya iya tashi daga gado, ba shi da kuɗin asibiti, aka ce masa ga hanya amma sai ka tuɓe a gaban duniya, ni ba zan kira ta yarda irin ta mai zaɓi ba.

Anti Nas: Salam. Ni abin da ya fi damuna ba wankan ba ne ma. Na yi aiki a ɗakin da ake kwantar da waɗanda aka yi wa wannan tiyata a nan Ingila, kuma mutanen da nake gani ba irin na talabijin ba ne. Mafi yawansu mata ne, da ƙafarsu suke zuwa, malamar makaranta ce, mai shago ce, direban bas ne. Kilo ɗari da ashirin, ɗari da talatin. Ciwon suga ya hana su sakat, gwiwa ta gaji, ko suna kwana da na'urar numfashi saboda numfashinsu na ɗaukewa cikin barci. A yi aikin da safe ta 'yan ƙananan huji a ciki, da yamma mu tashe su su taka a baranda, kwana ɗaya ko biyu a sallame su. Ba kuka, ba kiran 'yan kwana-kwana su fasa bango. Wa zai yi shiri a kan wannan? Babu.

Illar ita ce, mai kilo 120 da suga ke neman cinye masa ƙoda, in likita ya ambaci tiyata sai ya ce haba, ai ban kai can ba. A kansa tiyata ta masu kilo 270 ce. Na ji wannan da kunnena ba sau ɗaya ba.

Maman Ilham: Anti, wallahi ni ma haka na ɗauka. To daga nawa ake yi?

Dakta: Hajiya, ba kilo kawai ake dubawa ba, ana haɗa nauyi da tsawo, abin da ake kira BMI. A raba nauyinki na kilo da tsawonki na mita sau kansa. Tsohuwar ƙa'ida ta 1991 ta ce daga BMI 40, ko daga 35 in akwai cuta irin suga ko hawan jini. A 2022 manyan ƙungiyoyin likitocin fannin suka sauko da ita: daga 35 ko ba wata cuta, daga 30 in akwai suga da makamantansa. Mace mai tsawon mita 1.65, kilo 96 ya kai ta 35. Ku duba gidan biki ku gani ko mutum nawa ke nan. Duk da haka a Amurka kanta, wajen kashi ɗaya cikin ɗari na waɗanda suka cancanta ne ake yi wa a shekara.

Akwai kuma wani rubutu da shirin ke farawa da shi, wai damar cin nasara mai ɗorewa ba ta kai kashi biyar cikin ɗari ba. Maganar masu fam 600 suke yi, amma mai kallo sai ya tafi da ita a kan tiyatar gaba ɗaya. Abin da bincike ya nuna daban ne. A Suwidin tun 1987 ake bin mutum wajen dubu huɗu, rabi an yi musu tiyata, rabi ba a yi ba. Sakamakon da aka fitar a 2007 ya nuna mace-mace sun ragu da kusan kashi 30 cikin ɗari a ɓangaren waɗanda aka yi wa. Wannan ba ya fitowa a allo, don ba a iya ɗaukar hoton bugun zuciyar da bai faru ba.

Abban Sadik: Dakta, da girmamawa, duk wannan na ji. Amma ni dai a ganina yanke hanya ce. Mutum ya kasa riƙe bakinsa sai a ɗinke masa ciki. Ai akwai wancan shirin, The Biggest Loser, mutane da guminsu suke zubar da kilo hamsin, kilo ɗari, ba wuƙa ba allura. Waɗannan su ne maza.

Dakta: Madalla da ka kawo shi da kanka, Abban Sadik. Shirin tashar NBC ta Amurka ne, ya fara a 2004, wanda ya fi ramewa ya tashi da dala 250,000. Wani mai bincike a cibiyar lafiya ta gwamnatin Amurka, Kevin Hall, ya bi mutum 14 daga zango na takwas, ya sake auna su bayan shekara shida, aka buga sakamakon a 2016. Goma sha uku sun ƙara nauyi, huɗu ma sun fi yadda suka shiga. Wanda ya ci gasar a 2009, Danny Cahill, ya zubar da kilo 108 cikin wata bakwai, daga baya fiye da kilo 45 ya dawo. Ba lalaci ba ne. Da aka auna abin da jikinsu ke ƙonawa suna zaune, an samu ya yi ƙasa da abin da ya kamata da wajen kalori 500 a rana, shekara shida bayan an kashe kyamara. Jiki ya ɗauka fari aka shiga, sai ya tsuke kashe kuɗi, ya kuma ƙara yunwa. Ranar ƙarshe ta gasar aka nuna maka, da fitilu da tafi. Shekara shida ɗin ba a gayyace ka ba.

Ita kuma tiyatar ba ɗinke baki ba ce. Wadda aka fi yi yanzu, silif, ana cire wajen kashi 80 na tumbi, har da ɓangaren da ya fi samar da girelin, sinadarin da ke gaya wa ƙwaƙwalwa ana jin yunwa. Ɗayar, baifas, ana ware 'yar jaka mai cin kamar cokali biyu a saman tumbi a haɗa ta da ƙaramin hanji, abinci ya tsallake wani sashe. Shi ya sa za ka ga mai suga an rage masa magani tun kwanakin farko, kafin ya zubar da wani abin kirki. Saƙon da ke tsakanin hanji da ƙwaƙwalwa ne ya canza.

Ɗan Maraɗi: Masu ƙwallo za su tuna Maradona. A 2005 aka yi masa baifas a Kolombiya, 'yan watanni kaɗan sai ga shi siriri yana gabatar da shirinsa na talabijin a Ajantina, duniya na ta mamaki. Wannan shi ne ɗaya fuskar: jiya ƙato, yau siriri, kamar tsafi. Ko a nuna maka mutum yana birgima a gado, ko a nuna maka shi cikin kwat. Tsakiyar ba ta nan.

Amma ni dariya abin ke ba ni ta wani gefen. Mu nan amarya ake ɗura wa kayan ƙiba kafin biki. 'Yan mata na shan sha-ka-fashe, ƙwayoyin da aka yi don wata cuta daban, don su ciko. Wajen Zabarmawa har gasar mata masu jiki an sani. Sai kuma mu kunna dish mu zauna muna yi wa Ba'amurke dariya.

Hajiya Turai: Ɗan Maraɗi ka taɓo inda ke ƙaiƙayi. A finafinanmu ma mai jiki ai ɗan ban dariya ne, ko a ba shi kwano ko a sa shi gudu ya faɗi.

Yaya Bilki: Na daɗe ina karantawa ina tunanin ko in yi magana. Bari dai in yi, tunda akwai waɗanda suka san ni a nan kuma sun yi ta tambaya ta bayan fage.

An yi mini silif a Alƙahira. Ban taɓa kwanciya na kasa tashi ba, ina zuwa aikina, ina girki, ina kai yara makaranta. Suga ne ya kai ni allura safe da yamma, ga hawan jini, salla kuma sai a kujera. Mahaifiyarmu suga ne ya ci ƙafarta kafin ta rasu, na ga hanyar da nake kai. Ba irin shayin rage teɓa da ban sha ba, ba irin tsarin abinci da ban bi ba. In rage goma, in ƙara goma sha biyar.

Abin da talabijin ba ta nuna muku ba, bari in ɗan faɗa. Makonnin farko ruwa-ruwa ne kawai, romo tatacce, sai daga baya abu mai laushi. Ruwa ba a kwankwaɗa, kurɓa ake yi, ka yini da gora a hannu kana kurɓa kamar mai shan magani. Ba a haɗa ci da sha, sai ka ba da tazarar wajen rabin awa. Tuwo loma uku in na matsa, ta huɗu sai in ji ta tsaya mini a ƙirji, sai ta dawo. Wata na huɗu gashina ya fara zuba, mai kitso ta riƙa ɓoye abin da ya fita a mataji don kada in gani. Ranar da na yi gangancin shan kunun aya mai sukari a gidan suna, zufa ta karyo mini, zuciya na dukan uku-uku, hannuna na rawa, sai da na kwanta a ɗakin mai jego. Azumin shekarar farko likita ya hana ni, don ba yadda za a yi in sha ruwan da zai ishe ni tsakanin magariba da asuba. Ranar farko ta Ramadan kowa na haɗa buɗa-baki, ni ina ɗaki ina kuka. Na rama daga baya lokacin sanyi. Bitamin kuwa har ƙarshen rayuwa, da maganin ƙarin jini, da allurar B12, da gwajin jini lokaci-lokaci. Fatar hannu da ta ciki ta saki, sai dogon hannu nake ɗinkawa.

Amma duk wannan mai sauƙi ne a kan bakin mutane. A Amurka in ka rame tafi ake yi maka. Mu nan ta'aziyya ake yi maka. Na shiga biki wata ta kama hannuna ta ce, "Bilki, lafiya? Ko dai kishiya ce?" Wata ta je ta ce wa ƙanwar maigida a kai ni gwajin cutar nan. Surukata ta kira ɗanta ta yi masa faɗa wai ya bar ni da yunwa. Da na gaji na faɗi gaskiya, sai labari ya juya: ashe ragwanci ne, ta kasa haƙuri ta je an yanke mata hanji, ta canza halittar Allah. Wata ma cewa ta yi, "Irin na mutanen nan na talabijin?" tana dariya. A idonta na zama matar da ake wankewa a banɗaki.

Yau ba na allurar suga. Ƙwaya ɗaya ta hawan jini ta rage. Ina sujada da goshina a ƙasa. Nauyin ya ɗan dawo kaɗan bayan shekara biyu, likita ya ce haka ake yi. Abban Sadik, in wannan ce yanke hanya, to Allah ya sa kada ka taɓa buƙatar ta.

Maman Ilham: Allahu akbar. Yaya Bilki, Allah ya ƙara lafiya, ya saka da alheri da kika buɗe mana wannan.

'Yar Auta: Yaya sannu. Wallahi jikina ya yi sanyi.

Hajiya Turai: Maganar canza halitta kuwa, masu faɗa su je su tambayi malamai bambancin magani da kwalliya. Wanda aka cire wa afendiks shi ma ya canza halitta ke nan?

Abban Sadik: Allah ya ƙara afuwa, Hajiya Bilki. Ni ba da irinku nake ba. Ke cuta ce ta kai ki. Waɗancan kuwa ki ga abin da suke ci a zama ɗaya, abincin gida guda. Dole a faɗa musu gaskiya, kuma likitan nan yana faɗa.

Yaya Bilki: Ranka ya daɗe, da za a kafa mini kyamara a daren da na fi kowane baƙin ciki, a yanke sauran shekarar a yar, da kai ma ka ce da irina kake.

Anti Nas: Kuma in ka saurari labarinsu da kyau, kashi nawa ne za ka ji an yi wa mutum fyaɗe yana yaro, ko uba mashayi, ko uwa ta tafi ta bar shi? Suna faɗa, a sa ɗan kiɗa mai taushi, minti uku a wuce. Ganin likitan ƙwaƙwalwa sai can wajen ƙarshe, zama ɗaya ko biyu a allo. A asibitin da ya san aikinsa da wannan ake farawa, da mai ba da shawarar abinci, kafin a zo maganar wuƙa. Don in abinci ne abin da mutum ke rufe ciwonsa da shi, ka ƙwace, wani abin zai nema. An tabbatar bayan baifas haɗarin faɗawa shan giya na ƙaruwa, don tana shiga jini da sauri. Fiye da mutum goma da suka fito a shirin nan sun rasu, a rubuta sunan mutum a allo, mako mai zuwa a kawo wani.

Hajiya Turai: Ba Amurka kaɗai ba. Kun manta Eman Ahmed ta Iskandariyya a Masar? A 2017 aka ce ita ce mace mafi nauyi a duniya, wajen kilo 500. Da ƙugiya aka sauko da gadonta daga gida, aka sa ta a jirgin kaya zuwa Mumbai, tashoshin Indiya da na Masar suna biye da ita. Aka yi tiyata a watan Maris, aka riƙa fitar da hotuna ana sanar da kilo nawa ta zubar. Sai 'yar'uwarta ta fito ta ce ana amfani da ita ne don talla, asibitin ya musanta, aka yi ta cacar baki a gaban 'yan jarida. Aka mai da ta Abu Dhabi a watan Mayu, a Satumba ta rasu tana da shekara 37. Duk tsawon lokacin nan kilo ake ƙirgawa. Ita kanta ba na jin an ji muryarta.

Malam Bazazzagi: Allah ya ji ƙanta. Ku kuma lura da yadda su kansu taurarin talabijin suke yi in abin ya zo kansu. Star Jones ta shirin The View an yi mata baifas a 2003, ta rame a gaban masu kallo, ta ƙi faɗin dalili sai 2007. Mace lauya, mai baki, amma ta ji kunya. Ita kuwa Oprah a 1988 ta jawo 'yar amalanke cike da kitse fam 67 zuwa dandamali don nuna abin da ta zubar da shan abinci mai ruwa-ruwa, ba a jima ba nauyin ya dawo. A 2024 ita ce ta yi shiri na musamman a tashar ABC tana cewa a daina kunyata mutane, bayan ta bayyana tana amfani da maganin rage nauyi irin na zamani. Shekara 36 tsakani.

Ɗan Maraɗi: To yanzu da allurar nan ta Ozempic mai rage nauyi ta zo, ai kasuwar tiyata ta mutu ko?

Dakta: Ba ta mutu ba. Allurar na aiki, amma in ka daina yawancin nauyin na dawowa, ga tsada wata-wata, ga jabu a kasuwa. Tiyata kan zubar da kashi 25 zuwa 30 na nauyin mutum kuma ta fi ɗorewa. Kowanne da wanda ya dace da shi.

Amma kada a fita daga nan a ce Dakta ya ce tiyata ruwan sanyi ce. Kuskuren TLC shi ne ta mai da ta abin tsoro na masu kilo 270. Kuskuren Instagram da TikTok kishiyar wannan ne: hoto biyu, kafin da bayan, ga farashi har da otal da mota daga filin jirgi. A 2023 BBC ta ruwaito 'yan Birtaniya bakwai sun mutu tun 2019 bayan an yi musu wannan tiyata a Turkiyya. A ƙwararren wuri haɗarin mutuwa a watan farko ƙasa yake da mutum ɗaya cikin ɗari biyu, kusan daidai da cire matsarmama. Sai dai ɗinkin na iya yoyo cikin kwanakin farko, jini na iya daskarewa a ƙafa ya tafi huhu, musamman in aka hau jirgi da wuri. Wasu matsalolin kuma sai bayan shekaru: Lisa Marie Presley, 'yar mawaƙin Amurka Elvis Presley, da ta rasu a 2023, binciken gawa ya nuna toshewar hanji ce daga tabon tiyatar rage ƙiba da aka yi mata shekaru kafin nan. Ga tsakuwar matsarmama, ga ƙwannafi bayan silif. Mace kuma ana so ta jinkirta ɗaukar ciki shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi, ga shi haihuwa kan buɗe da zarar an fara ramewa. Namu da ke tafiya Masar ko Indiya ko Turkiyya, tambaya ta farko ita ce wa zai duba ka in ka dawo gida zazzaɓi ya kama ka da tsakar dare.

Yaya Bilki: Wannan gaskiya ne. Ni sai da na samu likita a gida ya yarda zai riƙa bibiyata kafin in sayi tikiti. Wata da muka haɗu a can ba ta yi haka ba, ta dawo ta daina shan bitamin don ta ga ta warke, sai da ƙafafunta suka fara mutuwa.

Admin: Na goge saƙon mai tallan shayin rage tumbi cikin kwana bakwai. Baiwar Allah, ki duba abin da ake tattaunawa kafin ki liƙa lambar waya. A ci gaba.

'Yar Auta: 😂😂 Ta ga kasuwa ta buɗe.

Maman Ilham: To Malam, mu daina kallo ke nan? Don ni yarana har kwaikwayon muryar likitan suke yi, rannan na ji babban yana faɗa wa 'yar maƙwabta irin maganarsa. Yarinya 'yar shekara tara mai ɗan jiki. Na ci masa mutunci, amma a ina ya koya?

Malam Bazazzagi: Ni ba zan ce wa kowa ya daina ba, ni ma ina kallo, har aji nake kai wani yanki mu tattauna. Amma yara kam a'a. Babba yana iya tambayar kansa me aka yanke, wa ya biya kuɗin kazar da ke kan teburin, sau nawa aka sa ta maimaita hawa matakalar nan. Yaro abin da zai ɗauka shi ne mai ƙiba maƙaryaci ne kuma halal ne a daka masa tsawa.

Abban Sadik: Ni dai har yanzu ina nan a kan cewa shirin ya amfane ni. Lemon da na bari ban koma ba. In tsoro ne ya sa, to tsoron ya yi rana.

Anti Nas: Yaya, kai ya hana ka lemo. Wata kuma ya hana ta zuwa asibiti. Ka zo ɗakin masu wankin ƙoda in nuna maka ita.

Abban Sadik: Wannan kuma laifin likitanta ne da bai yi mata bayani ba, ba laifin TLC ba.

Dakta: Ni minti goma nake samu da marar lafiya, in layi ya yi sauƙi. Su awa biyu suke samu da ita kowane mako, a falonta, tare da surukarta.